Ƙarin Jini a Karkara: Inganci da Aminci daga Maraɗi zuwa Baudeta

Jini na cikin magungunan da har yau ba a iya haɗa su a masana'anta ba. Duk ledar jinin da aka rataya a gefen gadon majiyyaci daga jikin wani ɗan Adam ta fito, kuma tana ɗauke da abin da ke cikin wannan jikin, na amfani da na cuta. Shi ya sa jinin da ke farfaɗo da mai jego cikin sa'a guda zai iya kashe ta cikin ƴan mintoci idan rukuninsa ya saɓa da nata, ko ya bar mata ciwon hanta har ƙarshen rayuwa idan an yi sakaci da gwajinsa. Aikin ma'ajiyar jini yana tsaye ne kan buƙatu uku: a samu jini a lokacin da ake nemansa, jinin ya kasance da ƙarfin yin aikin da aka ƙara shi dominsa, kuma kada ya jawo wa wanda aka ba wata cuta. A Baudeta, ƙaramar hukumar karkara da ke kudancin gundumar Tasawa a jihar Maraɗi, da ma gundumar Mayahi mai maƙwabtaka da Tasawa, waɗannan buƙatu uku duk sun rataya ne kan tanadin da aka yi tun kafin ranar buƙata. Jinin da aka nema a gurguje da tsakar dare shi ne ya fi kowane jini haɗari.

Masu buƙatar jini a wannan yanki sanannu ne, lokacin buƙatarsu ma sananne ne. Na farko su ne ƙananan yara. Daga watan Yuli zuwa Oktoba, tun da damina ta kankama har shigowar kaka, zazzaɓin cizon sauro kan cika ɗakunan yara a asibitoci. Ƙwayar cutar tana shiga cikin jajayen ƙwayoyin jini ta farfasa su. Yaron da dama tamowa ta riga ta rage masa jini kan galabaita cikin kwana biyu ko uku: tafin hannunsa da cikin idonsa su yi fari fat, numfashi ya yi sama-sama, zuciya ta riƙa bugawa da sauri. Binciken lafiyar al'umma da aka yi a Nijar a 2012 ya nuna fiye da yara bakwai cikin goma ƴan ƙasa da shekara biyar na fama da ƙarancin jini. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, kason jinin da ake ƙara wa yara ƴan ƙasa da shekara biyar kan kai kashi 54 cikin 100.

Na biyu su ne mata masu haihuwa. Wancan binciken na 2012 ya nuna matsakaicin haihuwar mace a Nijar ya kai 7.6, a jihar Maraɗi kuwa ya haura 8. Haihuwa a kai a kai ba tare da hutu ba na ƙarar da sinadarin ƙarfe na jiki, sai mace ta shiga naƙuda da jini kaɗan. Idan jinin da ya zuba bayan haihuwa ya kai mililita 500 an shiga haɗari, kuma zubar jini mai tsanani na iya ɗauke rai cikin sa'a biyu. Na uku su ne masu ciwon emasi, wato sikila, waɗanda wasunsu ke buƙatar ƙarin jini sau da yawa a rayuwa. Sai waɗanda haɗarin mota ko na babur ya rutsa da su a kan babbar hanyar Maraɗi zuwa Damagaram, da waɗanda za a yi wa tiyata.

Tsarin kiwon lafiya na Nijar hawa-hawa ne. A ƙasa akwai ƙananan ɗakunan shan magani na ƙauyuka, sai cibiyoyin lafiya da ake kira CSI, sai asibitin gunduma irin na Tasawa da na Mayahi, sai manyan asibitocin birnin Maraɗi, ciki har da cibiyar kula da uwa da yaro. A ɓangaren jini, Cibiyar Ƙarin Jini ta Ƙasa, CNTS, tana Yamai, kuma akwai cibiyoyin jiha a birane irin su Maraɗi da Damagaram. Bisa tsari, asibitin gunduma ne matakin farko da ake yin tiyatar haihuwa da ƙarin jini. Ma'anar wannan ga mutumin ƙauyen Baudeta, ko Korgom, ko Hawandawaki, ita ce sai an ɗauki majiyyaci a amalanke ko babur zuwa CSI, daga nan a nemi mota zuwa Tasawa, kuma da damina hanyoyin ƙasa kan ɓaci daidai lokacin da buƙata ta fi yawa. Tasawa ita kanta tana da nisan fiye da kilomita 100 daga Maraɗi, haka kuma daga Damagaram. Idan majiyyaci ya iso ya tarar da ma'ajiya babu jinin rukuninsa, lokacin da ya rage masa kaɗan ne, kuma a cikin wannan ƙurewar lokaci ne ake tsallake matakan da ke kare rai.

Amincin jini yana farawa ne daga wanda ya bayar, shi ne mataki na farko. Masu ba da jini iri uku ne. Akwai dangin majiyyaci da ake kira su bayar domin nasu. Akwai wanda ake biya kuɗi, wani lokaci a ɓoye, a gabatar da shi a matsayin ɗan'uwa. Akwai kuma mai bayarwa don Allah, ba don wani takamaiman mutum ba, wanda ke komowa lokaci bayan lokaci. Tun 1975 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya buƙaci ƙasashe su gina aikin jini kan wannan iri na uku. Dalilin a fili yake. Mutumin da ƙanwarsa ke kwance tana zubar da jini, dangi sun zuba masa ido, da wuya ya faɗi cewa ya taɓa yin shawara ko ya yi wata mu'amala mai haɗari. Wanda ake biya kuwa gaskiya na hana shi kuɗi. Amma mai komowa duk bayan ƴan watanni an gwada jininsa sau da yawa, an san rukuninsa, an san inda yake, kuma babu abin da zai samu idan ya ɓoye wani abu. A asibitocin karkara na ƙasar Hausa, har yanzu dangi ne ke ba da mafi yawan jinin da ake ƙarawa, saboda haka mayar da waɗannan dangin su zama masu bayarwa a kai a kai shi ne gyara mafi girma da za a iya yi.

Alƙaluman duniya na nuna girman giɓin. Ana tara jini kimanin sau miliyan 118 a shekara a duniya, kuma kashi 40 cikin 100 na wannan a ƙasashe masu arziki ne, inda kashi 16 cikin 100 kawai na mutanen duniya ke zaune. A can, cikin mutum 1,000 ana samun bayarwa fiye da 30 a shekara. A ƙasashe matalauta kimanin 5. An daɗe ana ƙiyasta cewa bayarwa 10 cikin mutum 1,000 ita ce mafi ƙarancin abin da ƙasa ke buƙata.

Abin da ke hana mutane bayarwa yawanci tsoro ne, kuma tsoron yana da amsa. Babban mutum na da jini kimanin lita 5, abin da ake ɗiba kuma bai wuce mililita 450 ba. Ruwan jinin na komawa cikin kwana ɗaya ko biyu, jajayen ƙwayoyin kuma cikin ƴan makonni, domin dama jiki na sabunta su, tun da kowace ƙwaya kwana 120 take yi ta mutu. Ba da jini ba ya rage ƙarfin noma, ba ya taɓa mazakuta, ba ya hana haihuwa. Ana karɓa ne daga wanda ya kai shekara 18, nauyinsa ya kai kilo 50, kuma awo ya nuna jininsa isasshe ne. Namiji kan huta wata uku kafin ya sake bayarwa, mace wata huɗu, kuma ba a karɓa daga mai ciki ko wadda ta haihu kwanan nan. Allura da leda sababbi ne, sau ɗaya ake amfani da su. Ta fuskar addini, malamai sun halatta ba da jini don ceton rai, sun kuma bayyana cewa ƙarin jini ba ya haramta aure kamar yadda shayarwa ke yi. Ta fuskar likitanci kuwa, an fi son kada miji ya ba matarsa da ke shekarun haihuwa jininsa kai tsaye, domin jikinta na iya ƙulla gaba da wasu siffofin jininsa, waɗanda ɗan da za ta ɗauka nan gaba zai iya gada daga uban.

Yanayin shekara ma na da tasiri. Lokacin da zazzaɓi ya fi tsananta, maza na gona, ɗaliban makarantu da ake dogaro da su na hutu, wasu masu bayarwar kuma su kansu na kwance. A watan azumi bayarwa kan ragu, sai dai in an shirya ɗiba bayan buɗa-baki. Manomi ba ya jiran yunwa ta shigo kafin ya cika rumbu. Ma'ajiyar jini ma sai ta tsara ɗibarta bisa kalandar damina. Da yake jini ba ya ajiyuwa fiye da ƴan makonni, tanadin da ya fi ɗorewa shi ne jerin sunayen masu bayarwa da aka riga aka tantance, waɗanda za a riƙa kira rukuni-rukuni daga Yuni har Nuwamba.

Mataki na biyu shi ne gwaji. Dole ne a gwada kowace leda don cututtuka huɗu: sida, ciwon hanta nau'in B, ciwon hanta nau'in C, da tunjere. A Nijar yawan masu sida bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Ciwon hanta nau'in B ne ya fi yawan sa a zubar da jini, domin Afirka ta Yamma na cikin yankunan da ya fi yaɗuwa a duniya, kuma yawancin masu ɗauke da shi tun suna yara suka kamu, ba su ma san suna da shi ba. Gwaji kuma yana da iyaka. Akwai tazara tsakanin shigar ƙwayar cuta jiki da lokacin da gwaji ke iya ganinta: makonni biyu zuwa uku ga sida, fiye da wata guda ga nau'in B, kimanin wata biyu ga nau'in C idan gwajin garkuwar jiki kawai aka yi. Wanda ya kamu makon jiya zai iya wuce gwaji lafiya lau. Wannan ne ya sa tambayoyin da ake yi wa mai bayarwa a keɓe, ba a gaban dangi ba, suke da nauyi daidai da gwajin kansa.

A manyan cibiyoyi ana gwaji da na'urori masu ƙarfin ganowa, a ƙananan asibitoci kuwa galibi da gwajin gaggawa na ɗan faifai. Gwajin gaggawa na aiki idan ingantacce ne, bai wuce wa'adinsa ba, an karanta shi a daidai mintocin da aka ƙayyade, kuma an ajiye shi inda zafi bai haura maki 30 ba. A ƙasar Maraɗi, inda zafin Afrilu da Mayu ke haura maki 40, wurin ajiye kayan gwaji babbar magana ce. Ranar da kayan gwajin cuta ɗaya suka ƙare, ƙa'ida ita ce a nemo jini daga wani wuri. Ba a ƙara jinin da aka gwada uku aka bar ɗaya. Wanda gwajinsa ya nuna cuta yana da haƙƙin a sanar da shi a asirce, a sake tabbatarwa, a kuma haɗa shi da likita. Zazzaɓin cizon sauro ma na iya bin jini, shi ya sa ba a karɓa daga mai zazzaɓi, kuma ana sa ido kan yaro ko mai cikin da aka ƙara wa jini don a yi maganinsa da wuri.

Ƙasashe masu arziki sun ɗanɗana abin da sakaci da wannan mataki ke haifarwa. A Faransa, a shekarun 1980, an ci gaba da ba masu ciwon rashin daskarewar jini magungunan da aka sarrafa daga jini mai ɗauke da sida. An ɗaure tsohon shugaban cibiyar jini ta ƙasar, Michel Garretta, a 1992, kuma a 1993 aka kafa dokar bin sawun kowace leda. A Birtaniya, kwamitin binciken da ya ba da rahoto a watan Mayun 2024 ya gano an sa wa fiye da mutum 30,000 sida ko ciwon hanta ta hanyar jini, kimanin 3,000 kuma sun rasu. A duka biyun, ɓoye gaskiya da jinkirin ɗaukar mataki ne suka yawaita ɓarnar.

Mataki na uku shi ne rukunin jini. Karl Landsteiner, likita ɗan ƙasar Ostiriya, shi ya bayyana rukunan A da B da O a 1901, aka gano AB a shekarar da ta biyo baya, sannan a 1940 shi da Alexander Wiener suka bayyana siffar Rh, wadda ke raba jini zuwa mai alamar ƙari da mai alamar ragi. Ranar haihuwar Landsteiner, 14 ga Yuni, ita ce Ranar Masu Ba da Jini ta Duniya. Idan aka ƙara wa mai rukunin O jinin A, garkuwar jikinsa na farfasa baƙin ƙwayoyin nan take, ƙoda ta tsaya, jini ya ƙi daskarewa, kuma kaɗan daga cikin ledar ya isa ya jawo hakan. Saboda haka ake tantance rukuni ta hanya biyu, ta ƙwayoyin jini da ta ruwan jini, a ga sun yi daidai, sannan a gauraya ɗan jinin majiyyaci da na ledar a ɗakin gwaji a ga ko sun jitu. A tsarin da ƙasashe masu amfani da Faransanci suka gada, akwai kuma gwaji na ƙarshe a bakin gado, a kan ɗan kati, kafin a buɗe robar. Masu alamar ragi ba su kai ɗaya cikin goma ba a wannan yanki, don haka sanin sunayensu da garuruwansu tun da wuri wajibi ne, musamman saboda mata masu wannan rukuni.

Tsarin bin sawun ƙarin jini da Birtaniya ta kafa a 1996 ya nuna shekara da shekaru cewa mafi yawan matsalolin da ake kai rahoto kuskuren mutane ne: an manna suna a kwalbar da ba ta mai ita ba, an ɗauko ledar wani, an ƙara wa na gadon kusa. A karkarar ƙasar Hausa wannan haɗari ya fi girma. A ɗakin yara guda za a iya samun Nana uku da Ibrahim huɗu, da yawa ba su da takardar haihuwa, wani ana kiransa da laƙabi a gida da wani suna a takarda, uwa kuma na iya jin nauyin faɗin sunan ɗan fari ko na miji. Da damina yara biyu kan kwana a gado ɗaya. Maganin wannan mai araha ne: a ɗaura wa kowane majiyyaci lamba a hannu, a rubuta sunansa da na mahaifi da na gari, a rubuta a jikin kwalba nan take a bakin gado, sannan ma'aikata biyu su karanta lambar leda da ta majiyyaci da baki kafin a fara.

Mataki na huɗu shi ne sanyi. Tun da aka gano a 1914 cewa sinadarin sitiret na hana jini daskarewa, kuma aka buɗe ma'ajiyar jini ta asibiti a birnin Chicago na Amurka a 1937, ajiya ta zama ginshiƙin wannan aiki. Ana ajiye jini tsakanin maki 2 zuwa 6, ya yi kwana 35, ko 42 idan an ƙara masa ruwan da ke ciyar da ƙwayoyin. Idan ya yi ɗumi ƙwayoyin cuta na hayayyafa a ciki, idan ya daskare ƙwayoyinsa na fashewa. Ruwan jini da aka ware ana daskarar da shi ya yi shekara, ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini kuwa kwana biyar kawai suke yi tsakanin maki 20 zuwa 24, ana girgiza su a hankali. Firijin jini na musamman ne, mai ma'auni da ƙararrawa, kuma ba a haɗa shi da abinci ko ruwan sha. Ana rubuta ma'auninsa safe da yamma, ana fitar da tsohuwar leda kafin sabuwa.

Wutar lantarkin Maraɗi da Damagaram na zuwa ne daga Katsina ta layin da ya bi ta Gazawa. Da Najeriya ta yanke wuta a watan Agustan 2023, sakamakon takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, kowa ya ga haɗarin dogaro da hanya ɗaya. Firiji mai aiki da hasken rana, da janareto mai man da aka ware masa, da mai gyara da ke kusa, duk ɓangare ne na amincin jini. A hanya kuma ana ɗaukar jini cikin akwatin sanyi da bai haura maki 10 ba, ba tare da ƙanƙara ta taɓa leda ba. Ledar da aka miƙa wa ɗan'uwan majiyyaci ya ɗauko a babur cikin rana ta riga ta fita daga ƙa'ida. Ga yara, raba leda babba zuwa ƙanana ta rufaffiyar hanya na sa jinin mutum ɗaya ya wadaci yara uku ko huɗu, maimakon a ɗibi kaɗan a zubar da saura.

Mataki na biyar a bakin gado yake. Ana fara ƙarin jini cikin minti 30 da fitar da leda daga firiji, a gama cikin sa'a huɗu. Ana auna zafin jiki da bugun zuciya da numfashi kafin a fara, ma'aikaci kuma ya tsaya kusa a mintoci 15 na farko, domin a nan ne mummunan saɓani ke bayyana. Alamominsa su ne rawar sanyi, zazzaɓi, ciwon baya ko ƙirji, ƙaiƙayi, sarƙewar numfashi, da fitsari mai duhu. Da an ga ɗaya ana tsayar da jinin nan take, a mayar da leda ɗakin gwaji. Yaro mai tamowa yana da raunin zuciya, jinin da ya shiga da sauri na iya cika masa huhu da ruwa, saboda haka a hankali ake ƙara masa, kuma bisa nauyinsa. A ɗakin da ma'aikaciya ɗaya ke kula da gadaje da yawa, koya wa mai jinya waɗannan alamomi na ƙara idon da ke tsaron majiyyaci. Bayan an gama, ana rubuta lambar leda, da sunan wanda aka ba, da abin da ya faru. Da wannan rubutu ne ake iya bin leda daga hannun mai bayarwa zuwa jikin wanda ya karɓa. Ma'aikacin da ya kai rahoton kuskure ya kamata a saurare shi a gyara tsari, domin inda ake hukunta mai faɗin gaskiya, kurakurai na ɓuya ne su maimaitu.

Rage buƙatar jini shi ma ɓangare ne na inganci, domin ko jinin da ya wuce duk gwaji yana da ragowar haɗari. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a ƙara wa yaro jini idan awonsa ya yi ƙasa da giram 4, ko yana tsakanin 4 da 6 tare da alamun galabaita. Na'urar awon jini mai aiki a kowace CSI na taimakawa a tura wanda ya dace da wuri, a yi wa saura magani a gida. Gidan sauro, da maganin riga-kafin zazzaɓi da Nijar ta fara rabawa yara duk wata a damina tun 2013, da allurar riga-kafin zazzaɓin da ta shigo da ita a 2024, da ƙwayoyin ƙarin jini a awon ciki, duk suna rage yawan ledojin da za a nema. A kan zubar jini bayan haihuwa, Nijar ta yi abin koyi: shirin ƙasa baki ɗaya mai matakai uku, wato ƙwayar misoprostol, da balan-balan da ake hurawa cikin mahaifa, da rigar matse jiki da ke riƙe mace har a kai ta asibiti. Sakamakon da mujallar Lancet Global Health ta buga a 2023 ya nuna mace-macen wannan matsala sun ragu da fiye da rabi. Binciken E-MOTIVE na 2023, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta Kano ke cikin jagororinsa, ya nuna auna jinin da ke zuba da leda mai ma'auni, tare da ba da magunguna a haɗe nan take, na rage munanan sakamako da kashi 60 cikin 100.

Duk waɗannan matakai na ɗorewa ne idan akwai tsarin da ke riƙe da su: rubutacciyar ƙa'ida ga kowane aiki a manne inda ake yinsa, horo ga sababbin ma'aikata, ziyarar duba aiki daga cibiyar jiha, da samfurin gwaji da ake aikowa daga waje don a auna daidaiton ɗakin gwaji. Akwai kuma maganar kuɗi. Jini kyauta ake ba da shi, amma leda da kayan gwaji da sanyi da sufuri duk da kuɗi ake samunsu. Nijar ta mayar da tiyatar haihuwa da maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta tun tsakanin 2005 da 2006, sai dai jinkirin mayar wa asibitoci kuɗinsu kan bar su ba kayan aiki. Kasafi na musamman ga aikin jini, da bayyana wa jama'a abin da ake biya da abin da ba a biya, su ne ke kashe zargin cewa ana sayar da jini. Wasu ƙasashe sun magance nisa da jirage marasa matuƙi, kamar Ruwanda tun 2016 da Gana tun 2019, amma jirgin na kai jinin da aka riga aka tara aka gwada ne kawai.

A matakin ƙaramar hukuma irin Baudeta, aikin da ke hannun jama'a a bayyane yake. Shugabannin ƙaramar hukuma da masu gari da limamai da ƙungiyoyin matasa da na mata na iya haɗa kai da asibitin gunduma a yi ranakun gwajin rukuni, a buɗe rajistar masu bayarwa ta kowane gari da lambobin wayarsu, a kafa asusun man motar ɗaukar marasa lafiya, kowace mai ciki kuma ta san rukuninta tun awon farko. Gidajen rediyon al'umma na iya sanar da ranakun ɗiba tun kafin damina. Ci gaban wannan aiki ana auna shi da abubuwa ƙalilan: kason jinin da ya fito daga masu bayarwa a kai a kai, yawan kwanakin da ma'ajiya ta wayi gari babu jini ko kayan gwaji, yawan ledojin da suka lalace, tsawon lokaci daga neman jini zuwa fara ƙara shi, da adadin matsalolin da aka rubuta aka kuma bincika. Gundumar da ke tara waɗannan alƙaluma duk wata tana sanin inda rauninta yake da abin da za ta fara gyarawa.